Rabon Kare Daga Tukunyar Gida: Abin Da Ya Dace Da Abin Da Ke Kisa

A wannan fitowa shafinmu na iyali zai taɓo wani al'amari da ba a cika tattauna shi a zaure ba, ko da yake yana kwance a ƙofar gidajen da yawa daga cikinmu, wato abincin da muke ba karen gadi.

Tun shekarar 2003, lokacin da aka rushe tsohon Zangonmu na tsakiyar Wagadugu, wanda aka fi sani da Zangouettin, tare da unguwannin da ke maƙwabtaka da shi saboda aikin ZACA, iyalai da dama suka watsu zuwa sababbin filaye da unguwannin bakin gari. A tsohon Zango gida na jingine da gida, kowa ya san tarin maƙwabcinsa, baƙo ba ya ratsa lungu ba a tanka masa ba. A sababbin wurare kuwa ga kangaye, ga duhun dare, ga babur da tumaki a tsakar gida. Wannan ne ya sa magidanta waɗanda iyayensu ba su taɓa ajiye kare ba suka nemo kwikwiyo suka ɗaure a bakin ƙofa. Sai dai mun ɗauki karen ba tare da mun koyi kiwonsa ba. Duk abin da ya rage a kwano bayan cin abincin dare, tuwo ne ko miya ko ƙashi, shi ne rabonsa, yara kuma suna jefa masa abin da ke hannunsu don su ga ya kaɗa wutsiya.

Daga nan sai a wayi gari kare ya kwanta, ya ƙi cin abinci, fitsarinsa ya yi ja, bayan kwana biyu ya mutu. Nan da nan zargi ya faɗa kan maƙwabci cewa shi ya jefo guba, a daina gaisawa, zumuncin shekaru ya yi rauni. Sau da yawa kuwa gubar daga murhunmu ta fito, da hannunmu muka miƙa ta. Cikin kare ba irin na mutum ba ne, akwai abubuwa masu daɗi da amfani a gare mu waɗanda jikinsa ba ya iya sarrafa su. Maganin abin kuma ba ya cin ko dala: a ware wa kare rabonsa tun kafin a zuba miya da kayan ƙanshi.

Amana ce muka ɗauka

Ba mu jahilci matsayin kare a shari'a ba. Hadisai ingantattu sun nuna cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko tsaron gona ba, ladansa na raguwa kowace rana, kuma Shehu Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya kawo wannan hani a cikin Risala, littafin da muka tashi muna ji a bakin malamanmu. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin tsaron gida a kan tsaron gona idan buƙata ta kama. A mazhabar Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne, amma ana wanke ƙwaryar da ya sa baki a cikinta sau bakwai. Wanda ke da shakka a kan nasa halin ya nemi malaminsa, domin yanke fatawa ba hurumin wannan shafi ba ne.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne, duk dabbar da mutum ya tsare, cinta da shanta suna wuyansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa, kamar yadda suka ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Dabbar da ke hana idonta barci don mu yi namu, ta cancanci mu san abin da muke zuba mata.

Darasi daga karen sarauniya

Akwai hanya biyu da ake cutar da kare ta baki: a ba shi abin da bai dace ba, ko a ba shi abin da ya dace fiye da kima. Misalin da ya fi fito da ta biyun shi ne wani ƙaramin kare da yaranmu suka saba gani a waya, mai gajerun ƙafafu da dogon baya da kunnuwa a tsaye, ana kiransa korgi. Asalinsa daga yankin Wales ne a Biritaniya, inda makiyaya suka daɗe suna kora shanu da shi. Yana cizon saniya a agara, gajartarsa kuma ta sa harbinta ya wuce ta kansa. Iri biyu ne, Pembroke da Cardigan, an kuma raba su a rajista a 1934. Sarauniya Elizabeth ta Biyu, wadda ta rasu a 2022, ita ta ƙara masa suna: mahaifinta ya kawo na farko gidansu a 1933, aka ba ta wata karya mai suna Susan a 1944 lokacin da ta cika shekara 18, kuma a tsawon mulkinta ta riƙe fiye da 30.

Korgi bai cika wuce kilo 14 ba, ga shi da kwaɗayi, ba ya cewa ya ƙoshi. Da ya bar bin shanu ya koma zaman ɗaki, ƙiba ta zama babbar cutarsa, domin nauyi kaɗan idan ya ƙaru a kan doguwar gadon baya da gajerun ƙafafu, sai ya jawo ciwon baya da na gaɓoɓi. Saboda irin wannan ne likitocin dabbobi suka kafa ƙa'idar cewa ɗan abin marmarin da ake ba kare a gefe kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincinsa na yini. Kare mai kilo 12 yana buƙatar abin da ya kai kalori 600 zuwa 700 a rana, ke nan rabon marmarinsa bai wuce kalori 60 zuwa 70 ba. Dafaffen ƙwai guda ɗaya ya cinye wannan kaso duka. A wani bincike da aka fitar a Amurka a 2002, an bi rayuwar karnuka 48 irin Labrador tun suna kwikwiyo har mutuwarsu. Rabinsu an rage musu kashi ɗaya cikin huɗu na abinci, sai suka fi 'yan'uwansu tsawon rai da kusan shekara 2.

Karnukan ƙasashen waje sun shiga gidajen masu hali a Wagadugu, kuma wannan ƙa'ida ta shafe su kai tsaye. Karen unguwa shi ma bai fita ba, musamman wanda ke yini a ɗaure. Ga gwaji mai sauƙi: a shafa gefen ƙirjinsa. Idan ana jin haƙarƙari ƙarƙashin ɗan nama kaɗan, ya yi daidai. Idan sai an danna kafin a ji, ya yi ƙiba. Idan kuwa daga nesa ana ƙirga su, ga ƙasusuwan ƙugu a fili, to yunwa ce ko tsutsar ciki.

Abin da za a iya ba shi

Bari mu fara da albishir: tuwo ba ya cutar da kare. Masana a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun nuna a 2013 cewa kare, saboda daɗewar zamansa da manoma, ya fi kakansa kyarkeci iya narkar da abincin hatsi nesa ba kusa ba. Makiyayan arewacin ƙasarmu da na Mali da Nijar sun daɗe da sanin haka, domin karensu na Azawak, siririn nan mai gudu, gero da nono ne mafi yawan cimarsa. Don haka tuwon masara ko na dawa ko na gero, da ƙanzo, da farar shinkafa, duk suna iya zama tushen abincinsa muddin babu miya a kai. Amma tuwo kaɗai ba ya gina jiki. Lalle ne a haɗa masa da ɗan nama ko kifi ko ƙwai, musamman kwikwiyo da karya mai ciki ko mai shayarwa.

Naman kaza ko na zabo ko na rago da aka tafasa da ruwa zalla, aka cire ƙashi da fata da kitse, shi ne mafi kyau. Kifi ma haka, a dafa shi a tsince ƙayoyinsa. Ƙwai a dafa shi ya yi tauri. Hanta tana da amfani idan an dafa ta sosai, amma kaɗan-kaɗan, ba kullum ba. Dafaffen wake ɗan kaɗan ba laifi, idan an ɗebe shi kafin a sa mai da gishiri da albasa.

Cikin kayan lambu, karas shi ne kan gaba: giram 100 bai wuce kalori 41 ba, kare na son gurgurarsa, kuma ba ya sa ƙiba. Koren waken nan da ake nomawa a Kongoussi bakin tafkin Bam, a ɗan tafasa shi a ba shi. Kabewa dafaffiya tana daidaita ciki. Dankalin Hausa da doya da dankalin Turawa sai an dafa su sun nuna. Kokwamba da gurji suna da ruwa, sun dace da lokacin zafi.

Cikin 'ya'yan itatuwa, kankana ta fi dacewa da watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Wagadugu ke haura digiri 40, domin fiye da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne. A cire ɓawo da 'ya'ya. Mangwaro da gwanda da ayaba suna da kyau, amma zaƙinsu ya sa yanka biyu ko uku sun isa. A fere mangwaro a jefar da ƙwallon inda kare ba zai kai ba. Gyaɗa gasasshiya marar gishiri, ƙwaya kaɗan, ba ta da illa idan mai kyau ce. Nono ko kindirmo marar sukari, cokali ɗaya ko biyu, yawancin karnuka na ɗauka. Ɗanyar madara kuwa takan sa babban kare zawo.

Duk sabon abu a fara da ɗan kaɗan, a jira kwana ɗaya a ga yadda cikinsa zai karɓa. A yanka shi ƙanana don kada ya shaƙe. Kada uwargida ta ji tausayin cewa abincin ya yi lami: ƙwayoyin ɗanɗano a harshen kare ba su kai 2,000 ba, na mutum kuwa sun kusa 9,000. Da hanci kare ke cin abinci, ƙanshin romon nama zalla ya wadatar da shi. Sama da duka, ruwa mai tsabta a inuwa dare da rana, a kaskonsa na kansa wanda ba a haɗa shi da kwanukan gida. A watan Ramadan mu tuna cewa azumi bai hau kan kare ba.

Abin da ke cutar da shi

Albasa da tafarnuwa. Su ne babban haɗari a gidajenmu, domin babu tukunyar da ba sa shiga. Suna ɗauke da sinadarin da ke fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma dafuwa ko suya ko shanya ba sa kashe shi. Likitoci sun lura cewa idan kare ya ci albasar da ta haura giram 5 a kan kowane kilo na nauyinsa a zama ɗaya, cuta na iya bayyana. Ga kare mai kilo 15, giram 75 ke nan, abin da bai kai matsakaiciyar albasar Galmi guda ɗaya ba. Tafarnuwa ta fi ta ƙarfi ninki uku zuwa biyar. Kaɗan-kaɗan kullum ma yana taruwa. Abin da ke ruɗar mutane shi ne alamun ba sa fitowa sai bayan kwanaki: kasala, haki, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja ko baƙi-baƙi. Zuwa lokacin an manta da ragowar dafa-dukar ranar suna, ko kazar nan mai tafarnuwa da aka sayo a bakin titi, sai a shiga neman mai laifi a waje.

Inabi, zabibi da tsamiya. An daɗe da sanin cewa inabi da zabibi na kashe ƙodar wasu karnuka, ba a san dalili ba. A 2021 likitocin cibiyar gubar dabbobi ta ƙungiyar ASPCA a Amurka suka danganta abin da wani sinadarin tsami mai suna tartarik, a 2022 kuma suka fitar da rahoton karnukan da ƙodarsu ta lalace bayan sun ci tsamiya, wadda ke cike da wannan sinadari. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin tsamiya tana kowane madafi, muna kunu da ita, da yawa kuma suna tuƙa tuwo da ruwanta. Kada a bar tsamiya ko jiƙonta ko tuttukarta inda kare zai kai, kuma wadda ke tuwo da ruwan tsamiya mai yawa ta nema wa kare wani abin dabam a matsayin abincin yau da kullum.

Goro, shayi, kofi da cakulan. Dukkansu suna da sinadaran da ke wartsake mutum, wato kafin da ɗan'uwansa tiyoburomin. Jikin kare yana jinkirin fitar da su. Rabin tiyoburomin ɗin da ya shiga jininsa kan ɗauki kusan awa 17 kafin ya fita. Sakamakon shi ne rawar jiki, bugun zuciya da sauri, amai, jijjiga, har mutuwa. Cakulan mai duhu ya fi haɗari. Samarin da ke dafa shayi a ƙofar gida su kula da inda suke zubar da ganyen, masu sana'ar goro kuma su rufe huhunsu da ɓaɓɓakun da suka tsince.

Cingam da alewa marasa sukari. Wasu ana zaƙaƙa su da wani abu da ake rubutawa xylitol a jikin takarda, yana kuma cikin wasu man goge baki. Ga mutum ba kome, ga kare kuwa yana faɗar da sukarin jini cikin ƙasa da awa ɗaya, yana iya lalata hanta. Jakar makarantar yara da jakar hannun uwargida su yi nesa da shi.

Dafaffen ƙashi. Mun gaji cewa kare da ƙashi ba sa rabuwa, amma ƙashin kaza da na zabo da na kifi idan ya ji wuta yakan tsage ya yi tsini, ya kafe a maƙogwaro ko ya huda hanji. Haka tsinken tsire. Totuwar masara, da ƙwallon mangwaro, da na piya, da na dabino ga ƙaramin kare, suna toshe hanji, kuma sau da yawa sai an yi aiki kafin a fitar da su.

Gishiri da yaji. Dunƙulen magi mafi yawansa gishiri ne, wasu kuma da garin albasa a ciki. Kilishi, balangu, tsire da ƙuliƙuli mai yaji sun haɗa gishiri da barkono da mai, ba su dace da shi ba.

Ƙullin fulawa mai yisti. Ƙullin fanke ko na burodi idan kare ya haɗiye shi ɗanye, yana ci gaba da tashi a cikin tumbinsa, ciki ya kumbura, ya kuma haifar da barasa da ke shiga jini. Masu suyar safe su rufe robarsu da kyau. Ɗanyen rogo ma a kiyaye, musamman mai ɗaci, saboda gubar da ke cikinsa kafin a jiƙa a dafa.

Abincin da ya yi fumfuna. Kuskure ne babba a ce abin da ya lalace a ba kare. Masara da gyaɗa da suka sha danshi suna haifar da gubar aflatoksin mai cin hanta, wadda wuta ba ta kashewa. A Kenya ta kashe mutum 125 a 2004. A Amurka, tsakanin ƙarshen 2020 da 2021, hukumar FDA ta sami rahoton mutuwar karnuka fiye da 100 da suka ci abincin kanti da aka yi da irin wannan masara. Abin da ba za mu ba yaranmu ba saboda ruɓa, a binne shi.

A ƙara da wannan: kada a ba kare maganin mutane, irin su ibuprofen da paracetamol, ba da umarnin likitan dabbobi ba.

Ranar layya

Babbar Salla ita ce ranar da kare ya fi samun rabo, ita ce kuma ranar da ya fi shiga haɗari. Na farko, tarin kitse da ƙiƙƙirar suya a lokaci ɗaya kan kumbura wata gaɓa da ke kusa da tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, sai amai da ciwon ciki mai tsanani su biyo baya.

Na biyu ya fi muni, domin kan 'ya'yanmu yake komawa. Wani lokaci idan an feɗe rago ko sa, akan ga wasu ƙulli kamar jakar ruwa a jikin hanta ko huhu. Mai fiɗa yakan yanke wurin ya jefa wa kare. Waɗannan jakunkuna cike suke da 'ya'yan wata tsila ƙarama ƙwarai, tsawonta bai wuce milimita kaɗan ba. A hanjin kare take girma ba tare da ta dame shi ba, ƙwanta na fita cikin kashinsa, ya manne a gashinsa da ƙasar tsakar gida. Yaro ya shafa kare ko ya yi wasa da ƙasa, ya kai hannu baki, sai ƙwan ya shiga jikinsa ya zama jakar ruwa a hanta ko huhu, tana girma a ɓoye shekara da shekaru, sau da yawa sai an yi tiyata. Da Faransanci ana kiran cutar hydatidose, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 1 ke ɗauke da cututtukan wannan tsila a duniya. A kwatar Kossodo akwai ma'aikatan da ke duba nama su kama wanda ba shi da lafiya. A gida kuwa ranar layya maigida shi ne mai dubawa. Duk kayan cikin da aka ga ƙulli a jikinsu, a ƙone su ko a binne su da zurfi. Masu lafiyar ma kada a ba kare su ɗanye, a tafasa su sosai. A riƙa ba shi maganin tsutsa a wurin likitan dabbobi kamar sau huɗu a shekara, a kuma kwashe kashinsa kullum.

Idan ya riga ya ci

Kada a jira alamu su bayyana. Awa ɗaya ko biyu na farko su ne masu daraja, domin a lokacin likita na iya sa shi amai kafin gubar ta shiga jini. A tafi da ragowar abin ko takardarsa, a faɗi yawan da ya ci da lokacin da ya ci. Ɗura masa ruwan gishiri don ya yi amai haɗari ne na kansa, manja da madara kuma ba sa karya waɗannan gubobi. A Wagadugu akwai asibitocin dabbobi na gwamnati da na masu zaman kansu. Ya kamata mai kare ya san mafi kusa da shi, ya ajiye lambar wayarsa tun kafin rana ta ɓaci.

Mai yunwa shi ke yawo

Akwai dalili na ƙarshe da ya sa cikin kare ya shafi lafiyar iyali. Karen da bai ƙoshi a gida ba, juji yake nufa da dare, a can yake cin mushe da ruɓaɓɓen abinci da gubar ɓera, a can kuma yake faɗa da karnukan da ba su da mai su. Ta wannan hanya ciwon haukan kare, wanda ake kira la rage a asibiti, ke shigowa gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. An keɓe ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara don tunatarwa a kansa.

Saboda haka a ciyar da kare a kan lokaci, babba sau biyu a rana, kwikwiyo sau uku ko huɗu, a yi masa allurar rigakafi tun yana wata uku, a riƙa sabunta ta yadda likita ya tsara, a adana takardar. Idan kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 cur, a nufi asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne. A koya wa yara su zuba abinci a kasko su ja da baya, kada su miƙa da hannu, kada su taɓa kare yana ci, su kuma wanke hannu da sabulu bayan sun shafe shi.

Ya ku iyaye maza da mata, abin da muke roƙo ba ya buƙatar kuɗi. Kafin albasa da magi da yaji su shiga tukunya, a ɗebi ɗan nama da romonsa, a haɗa da tuwo ko shinkafa, a ajiye gefe ɗaya. Wanda ya ga ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba, to da muguwar rawa gara ƙin tashi, ya nemi wata hanyar tsaron gidansa. Wanda kuma ya ɗauka, ya kyautata, domin akwai lada a cikin tausaya wa duk mai rai. Muna fatan za a karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba a cikin gida, musamman masu girki da yaran da ke kai wa kare abinci. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya kare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da Ya sanya a ƙarƙashinmu.